Awazar Suruki a Kan Kaskon Wuta

Ku matso, jikokina. A wani gari can da daɗewa, an yi wani mutum mai gajen haƙuri. Ran nan surukinsa ya aiko cewa yana tafe da la'asar. Mutumin ya sayo awazar sa mai kitse, ya je wurin gwaggonsa aron ɗan kaskon wuta na yumɓu.

Gwaggo ta ce, "Kaskon ƙarami ne, ɗan nan, a hankali yake aiki. Ka bar gawayi ya zama garwashi, ka ɗora naman, ka kifa kwano. Kada ka buɗe sai la'asar."

Ya ce, "To, Gwaggo."

Ya ɗora, ya kifa, ya zauna. Ƙanshi ya tashi. Ya ce, "Bari dai in duba." Ya buɗe, ya yanki kaɗan ya ɗanɗana, bai nuna ba. Jim kaɗan ya ce, "Bari dai in duba." Ya buɗe, ya yanka. Haka ya yi ta dubawa, zafi na tserewa, nama na raguwa.

La'asar ta yi, sai sallamar suruki. Mutumin ya durƙusa ya ajiye kwano, kansa a ƙasa. Tsoho ya buɗe, ya ga ƙasusuwa a jere, da ɗan ja-ja a jiki.

Ya ce, "Allah sarki, wannan sa ya sha yunwa. Amma madalla, na ga kitsensa bai ɓata ba. Ga shi nan a gemunka."