Ɗakin da Shanta Ta Share

Ranar da Halliru ya fara ganin Zinatu, kwashe littattafai ake yi daga laburaren unguwa, hukuma ta rufe shi saboda tsuke bakin aljihu. Ya zo daga Ardwick ta Manchester gaida mahaifiyarsa Inno a Small Heath ta Birmingham, sai ga budurwa rungume da kwali cikin yayyafi. Nan take Halliru, likita guda, ya koma ɗan dako.

"Me kike karanta a uni?"

"Bhakti. Yadda Hindu ke neman sanin Ubangiji ta hanyar so."

"To a ɗauke ni ɗalibi."

Ta yi murmushi, shi kuwa ya koma Manchester ba da zuciyarsa ba. Kullum yana fitowa daga aiki zai rubuta mata: "Hasken idona, yau ma sunanki na kusa rubutawa a takardar magani."

"Likitana, ka ji tausayin marasa lafiya," in ji ta.

Ana cikin maganar kai gaisuwa sai Raki, 'yar ƙawar Inno da ta daɗe da sa ido a kansa, ta kawo hoton Zinatu tana cire takalmi a ƙofar haikalin Hindu.

"Ba da ni ba," Inno ta ce. "Ba zan haɗa zuri'a da mai shiga ɗakin gumaka ba."

Halliru ya so ya kare Zinatu, amma shi ma zuciyarsa ta yi rawa, kuma ya ji kunyar hakan. Da ya tambaye ta, amsarta gajeriya ce: "Tunda aka rufe library, can nake interview da tsofaffinsu don bincikena. Ku zo ran Alhamis da la'asar."

Suka je, Inno fuska a ɗaure. A gefen zauren taro suka tarar da wata tsohuwa, Shanta, ta kafa kujera a bakin wani ɗan ɗaki. Ta ɗaga musu hannu.

"Ku dakata, Zinatu salla take."

Da Turanci take magana, Halliru na fassarawa. Ita ta share wa Zinatu ɗakin don salla, ta kwashe hotunan ciki, ta je wurin mahaucin unguwa ya nuna mata alƙibla.

"A wurinmu, wanda ya so Shi ne yake saninSa. Yarinyar nan in lokacin sallarta ya yi, fuskarta kamar ta mai jiran baƙo. Ba zan bari a katse ta ba."

Inno ta duba agogo. Garin saurin kama mai laifi, ita ko la'asar ba ta yi ba.

"Halliru, tambayar min ita inda zan yi alwala."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a Small Heath. Inno da kanta ta riƙo hannun amarya ta sa a nasa.

"Ga amana. Allah Ya yi muku albarka, Ya yafe min zaton da na yi."

Zinatu ta sunkuyar da kai. Halliru ya ce amin.