Saurayin Da Bai Haye Kogi Ba

A kasuwar Lancaster Ulrich mai injin niƙa ya fara ganin Verena tana sayar da cuku. Ya sayi uku, shi da ko warinsa ba ya so. Gidan su Verena na hayin kogin Susquehanna, kuma tun daga ranar duk Lahadi yana cikin jirgin fito, har masu tuƙi suka laƙaba masa ango.

Sai yaƙi da Sarkin Ingila ya zo da doka: duk namijin da zai bar gundumarsa sai ya rantse ya bi sabuwar gwamnati, a ba shi takarda. Mu kuwa 'yan cocin Menno ba ma rantsuwa, i ɗinmu i ce, a'armu a'a. Ulrich ya gwada hayewa haka nan, ya kwana shida a kurkuku, aka ƙwace dokinsa.

Wata huɗu Verena ba ta sa shi a ido ba. Ta rame, ta ɗauka ya manta da ita. Melchior maƙwabcin Ulrich kuwa, ɗan cocinmu, ga shi duk Lahadi a gidansu zance da sabuwar hula. Mahaifinta, dattijon coci, ya ce mai so shi ke zuwa, ta cire Ulrich daga ranta.

Rannan wasiƙar Ulrich ta iso a bakin buhun gari:

"Verena tawa, kullum ina gaɓa ina kallon hayaƙin gidanku. In na rantse, Baba ba zai ba mai rantsuwa 'yarsa ba. In na ƙi, ba ni da hanya. Ni dai ina nan."

Ta sha kuka ta ƙoshi. Ran Lahadi ana tsakiyar cin abinci, ga Melchior zaune, ta ce, "Baba, shi Melchior da wace takarda yake hayowa?"

Gogan naka ya hau tarin ƙarya, ashe rantsuwar ya yi. Tsoho ya ajiye cokali, sannan ya ce ashe wanda bai zo ba shi ne namu. Amma ina za a ɗaura aure, ango ba ya hayowa?

"Maza dokar ta ambata, Baba. Ta manta da mu."

Haka aka yi. Ta shiga jirgi da mahaifiyarta, Ulrich na can gaɓa yana jira, hula a hannu. Tsohon da bai taɓa rantsuwa ba, shi ma ba shi da takarda. Ya tsaya a bakin ruwa yana sa musu albarka da ƙarfi, har muryarsa ta daina isa jirgin.