Bakin Ticha

Auta tana kicin tana wanke kofuna ta jiyo Umma a falo tana cewa, "A buɗe tagogi, ga Ticha nan ya iso."

Ticha malamin lissafi ne, shi Auta take so kamar ranta. Ga kunya, ga tsabtar tufafi, aibinsa ɗaya ne: da ya buɗe baki, na kusa da shi zai tuna yana da aiki a waje. Ga shi kuma da ƙaramar murya, sai ya matso ake jin sa.

Ya durƙusa yana gaida Abba, Abba yana ja da baya har kujerarsa ta bugi bango. Yana fita Abba ya yanke hukunci.

"Yaron nan mutumin kirki ne, amma ba zan yi surukin da sai na riƙe numfashi muke gaisawa ba. Ina fama da hawan jini."

Yaya, babbar 'yar gidan, ta tuntsire da dariya. "Ke Auta, soyayya ce ta toshe miki hanci, ko mura ce?"

Auta ta shige ɗaki ta sha kuka. Ba ƙoƙarin da ba ta yi ba a fakaice. Ta ba shi cingam, ya raba wa ɗalibai. Ta naɗe buroshi da man goge baki a takardar kyauta, ya ce sun yi kyau da yawa, ya ajiye don tarihi.

Washegari ta same shi a aji bayan an tashi, yana goge allo. Ta runtse ido ta faɗa a guje.

"Ticha, ka yi haƙuri — bakinka yana wari. Shi ya sa Abba ya ƙi."

Dasta ta suɓuce daga hannunsa. Can ya ce, "Ashe shi ya sa ba mai zama a layin gaba? Ni na ɗauka kwarjini ne."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Daga nan ya ɗauke ƙafa, ko waya ba ya ɗagawa. Yaya ta fara kawo mata hotunan abokan mijinta, Auta tana mayar mata ba tare da ta kalla ba. Har ta fara ramewa, sai ga saƙonsa: "Ki raka ni wurin likitan haƙori. Tsoron allura nake."

Likitar ta leƙa bakin, ta gano turmin haƙori ɗaya ya yi kogo, dasashi ya kumbura, datti ya daskare a tsakanin haƙora. Ticha ya kurma ihu tun allura ba ta taɓa shi ba. Aka wanke, aka cike kogon.

"Cingam rufe wari yake, ba ya kashe shi," in ji likita. "Goge baki da safe da kafin barci, har da harshe. Ka riƙa sakace da zare, ka yawaita shan ruwa, ka kuma dawo mu duba."

Da ya warke ya koma gaida Abba. Abba ya cika ƙirji da iska kamar mai shirin nutso, ya saurara, ya ɗan shaƙa kaɗan. Sai ya jawo kujerarsa gaba.

"Matso mana, ɗana, ba na jin ka sosai. Yaushe iyayenka za su zo?"

Auta ta rufe fuska, Yaya ta saki baki. Ticha zai fita Umma ta tare shi a bakin ƙofa, ta waiga falo, ta rage murya.

"Wace rana likitar nan take zama? Akwai wani dattijo a gidan nan, tun aurenmu nake haƙuri."

Aka yi auren. Auta ta gane cewa kunyar faɗin gaskiya ce ta kusa raba ta da masoyinta, kuma wanda yake ƙaunarka shi zai daure ya gaya maka abin da sauran mutane suke yi maka dariya a kai a bayan idonka.