Ranar da Aka Tura Rafi'u Khumra

A unguwar Mahjar da ke kudancin Jidda, a farkon shekarun 1970, akwai wani yaro mai suna Abdulghaffar. Shekararsa goma sha biyu. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa, bai koma ba. Hausar Abdulghaffar a gauraye take da Larabci, kamar ta sauran yaran unguwar.

Yana da kawu, Kawu Na'ibi, ƙanin mahaifiyarsa. Kawu ya daɗe yana tuƙin mota a wani kamfanin mai da ke gabas. Da ya bar aiki ya dawo gida, sai ya zo da wata sanda mai kauri da farar ƙwallo mai tauri. Ya ce Amurkawa ke wasa da su, suna kiran wasan besbol. Yaran Mahjar suka kasa riƙe sunan, suka sa masa ƙwallon sanda.

Wasan ba wuyar ganewa. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buge ta da sanda, ya zura da gudu. Zai zagaya tasha uku, ya dawo inda ya tashi. Duk wanda ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsu maki ɗaya. In ya ga gudun ba zai kai ba, sai ya tsaya a tasha, ya jira na bayansa ya buga, sannan ya ƙarasa. Tashoshin nan tsofaffin buhunan shinkafa ne da aka cika da yashi.

Ba a jima ba wasan ya bazu. Yaran wasu unguwanni suka sassaƙa sandunansu, suka kafa ƙungiyoyi. Duk Alhamis bayan la'asar ana karawa.

A ƙungiyar Mahjar babu mai bugu kamar Abdulghaffar, kuma ya san da haka. Yana riƙe da lissafin a kansa. In ya tsaya bugu sau goma, bakwai sai ya samu ƙwallo. Ko ba a tambaye shi ba, zai faɗa.

A ƙungiyar kuma akwai Rafi'u, ɗan Inna Barakatu, yayar mahaifiyar Abdulghaffar. Bara suka zo daga Sudan. Rafi'u siriri ne, mai kunya, bai gama sanin gari ba. Duk inda Abdulghaffar ya sa ƙafa, nan yake sawa. Yana kiransa Yaya, ko da yake wata uku kacal ne tsakaninsu. A wajen bugu kuwa, cikin goma da ƙyar yake samun ɗaya. Abdulghaffar yana sonsa sosai a lokacin. Yakan dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, wata rana zai iya.

Sai gasar ƙarshen shekara ta zo, wadda duk wanda aka ci ya fita.

A nan abin mamaki ya faru. A wasa na farko Rafi'u ya tsaya bugu sau huɗu, ya samu duka huɗun. Aka ce sa'a ce. A wasa na biyu ya sake tsayawa huɗu, ya sake samun huɗun. Abdulghaffar kuwa, a wasannin nan biyu, ko sau ɗaya sandarsa ba ta taɓa ƙwallo ba. Iska kawai yake duka.

Yara suka ɗaga Rafi'u sama, suna kiransa shaɗir, wato gwani. Mai shagon wake na bakin layi ya ba shi gurasa mai zafi kyauta. Kawu Na'ibi, wanda shi ke horar da su, ya ce tun da yake kallon wasan nan bai taɓa ganin takwas a jere ba. Ya kuma canja tsari, ya ce daga yau Rafi'u zai riƙa bugawa, sai Abdulghaffar ya biyo shi.

Abdulghaffar ya yi murmushi tare da kowa, amma murmushin yaƙe ne. Ranar bai ci abincin dare ba. Shekara guda yana ɗauke da ƙungiyar, ba wanda ya taɓa ɗaga shi sama. Da Rafi'u ya gutsuro masa rabin gurasar, sai ya ce ya ƙoshi. Tun daga ranar, ko dariyar Rafi'u ya ji sai ransa ya ɓaci.

Mahjar ta kai matakin ƙarshe. Za su kara da yaran unguwar Bani Malik sau uku, wanda ya ci biyu shi ke da kofi.

Ranar Alhamis ta wasan farko, bayan azahar, Rafi'u ya zo gidansu Abdulghaffar don su tafi fili tare. Abdulghaffar ya tare shi a ƙofa. Ya gaya masa wai Kawu ya ce an canja fili, an mayar da wasan Khumra, can wajen gari, bayan manyan rumbunan kaya. Wai motar Kawu ta cika, don haka Rafi'u ya bi motar lebura da ke tashi a bakin titi, su za su biyo baya.

"To kai fa, Yaya?" in ji Rafi'u.

"Ni zan taya Kawu ɗaukar buhuna. Yalla, yi sauri kada ta tashi."

Rafi'u bai yi gardama ba. Ya juya da gudu.

A fili Kawu ya yi ta duba hanya. Ya tambayi Abdulghaffar ina ɗan'uwansa, Abdulghaffar ya ce bai gan shi ba. Dole aka sa wani ƙaramin yaro, Bello, a madadinsa. Bello ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma duk tsayuwar da ya yi sai a fitar da shi.

A zagayen ƙarshe Bani Malik suna da biyar, Mahjar uku. Aka sake fitar da Bello. Abdulghaffar ya ɗauki sanda. Wannan karon ya samu ƙwallon sosai. Ta tashi sama, ta haye katangar makaranta. Ya zagaya tashoshin nan uku yana jiran ihu. An yi ihun, amma kaɗan. Babu kowa a tasha da zai shigo tare da shi, don haka maki ɗaya kawai aka samu. Aka tashi biyar da huɗu.

Kawu yana tattara buhuna ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Da akwai mutum a tasha, da bugun nan biyu ya kawo."

Aka yi sallar magariba, Rafi'u bai dawo ba. Inna Barakatu ta shigo gidansu Abdulghaffar, mayafi a karkace. Ta ce tun azahar yaron ya fita, ta zagaya duk maƙwabta ba wanda ya gan shi. Ga shi bai san hanya ba, bai ɗauki ko ruwa ba. Sai ta zauna a tabarma ta fara kuka.

Abdulghaffar yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗauka Rafi'u zai ga ba kowa, ya hau mota ya dawo. Bai tuna cewa motar lebura ba ta dawowa sai da safe ba.

"Umma," ya ce, "yana Khumra. Ni na tura shi. Ƙarya na yi masa."

Mahaifiyarsa, Mastura, ta dube shi. Ta aika a kira Kawu. Kawu ya zo da motarsa, ya buɗe ƙofa, ya ce wa Abdulghaffar ya shiga.

Sun yi nisa da gari sai fitilar mota ta haska wani yaro a gefen titi, yana tafiya yana ɗingishi. Rafi'u ne. Takalminsa ɗaya ya tsinke, yana riƙe da shi a hannu. Tafin ƙafarsa ya fashe, leɓɓansa sun bushe. Kawu ya ba shi ruwa, ya sha har yana sarƙewa.

Da ya samu numfashi sai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Na nemi filin ban gane shi ba. Mun ci?"

Abdulghaffar ya sunkuyar da kai. Da duka aka yi masa, da ya fi masa sauƙi. Kawu ya ce Abdulghaffar ne zai ba da amsa. A nan bakin titi ya faɗi gaskiya duka, ya nemi gafara. Rafi'u ya daɗe yana kallonsa. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya shiga mota ya zauna can jikin ƙofa.

Kawu ya yanke hukunci. Abdulghaffar ba zai taɓa sanda a wasa na biyu ba. Aikinsa ɗaukar tulun ruwa.

Washegari Umma tana tsince shinkafa da wake a faranti, ta kira shi. Ta tambaye shi abin da Rafi'u ya yi masa. Ya ce bai yi masa komai ba. Kawai shi ne gwani duk shekara, amma wasa biyu sun sa an manta da shi.

Umma ta sa yatsu uku a farantin, ta tsamo, ta buɗe masa. Wake ne zalla.

"Me ya fi yawa a farantin nan?"

"Shinkafa."

"Amma ka ga abin da na tsamo. Ɗan tsame yakan zo da abin mamaki, ya waladi, ɗana. Wasa biyu ɗan tsame ne. Ba su rage ka da komai ba. Kuma ko da Rafi'u ya fi ka har abada, ɗan'uwanka ne, ƙungiyarku ɗaya. Bugunsa bai cire maka ko ƙwaya ba. Hassada ce ta cire maka, ta kusa cire mana yaro."

Abdulghaffar ya yi kuka sosai. Daga nan kullum sai ya je gidan Inna Barakatu. Ya kai takalmin wurin mai gyara, ya kawo. Yakan zauna kusa da Rafi'u yana ba shi labarin makaranta. Rafi'u yana amsa gaisuwa, amma ya daina ce masa Yaya.

Alhamis ta zagayo, ƙafar Rafi'u ta warke. Kowa ya zo ganin gwani. Sai wani abin mamakin ya sake faruwa. Rafi'u ya tsaya sau huɗu, bai samu ko ɗaya ba. Bello ne, wanda ba a sa rai da shi ba, ya yi bugun da ya ba Mahjar nasara. Yaran da suka ɗaga Rafi'u kwanan baya suka wuce shi, suka ɗaga Bello.

Rafi'u ya koma gindin katanga shi kaɗai. Abdulghaffar ya san irin abin da yake ji. Ya ɗebo ruwa a moɗa, ya kai masa, ya zauna.

"Kana rufe ido in ƙwallo ta matso," ya ce. "Ni ma haka na yi ta yi. In ka yarda, gobe da safe zan riƙa jefo maka."

Rafi'u ya sha ruwan. Can ya ce, "Halas, shi ke nan. Ka zo da wuri, Yaya."

Duk makon nan suna bayan gida, ɗaya na jifa, ɗaya na bugu.

A wasa na uku aka yi kankankan, shida da shida, har zagayen ƙarshe. Rafi'u ya buga, ƙwallo ta yi nisa, ya kai tasha ta uku ya tsaya. Saura tsere ɗaya ya shigo gida. Abdulghaffar ya ɗauki sanda. 'Yan Bani Malik duk suka ja da baya, don sun san bugunsa.

Yana so ya sake haye katanga, kowa ya gani. Amma in ya ɗaga ta sama aka cafe, za a iya rasa komai. Ya dubi Rafi'u, ya gyaɗa masa kai. Da ƙwallo ta zo, sai ya ɗan taɓa ta kawai. Ta gangara a hankali ta wajen tasha ta farko. Kafin a ankara Rafi'u ya zuro da gudu, ya faɗa gida cikin ƙura. Abdulghaffar kuwa an fitar da shi tun bai kai tasha ba.

Bakwai da shida. Kofi ya zama na Mahjar.

Yara suka yi kan Rafi'u za su ɗaga shi. Abdulghaffar ne ya fara isa. Ya durƙusa, ya ɗora shi a wuyansa, ya zagaya fili da shi. Ya duba zuciyarsa ko zai ji zafin nan na da, bai ji ba. Daɗi kawai ya ji.

Da yamma aka taru a gidan Inna Barakatu, aka ci shinkafa da kifi. Kawu Na'ibi ya ce bugun da ya fi burge shi a duk gasar shi ne ɗan ƙaramin nan da ba za a lissafa wa mai shi ba. Abdulghaffar ya ji kunya, Rafi'u ya tura masa babban yankin kifin.

Tun daga ranar Abdulghaffar ya gane cewa nasarar ɗan'uwa ba asararsa ba ce. Hassada ba ta ƙara wa mai yin ta komai, sai dai ta cutar da shi da waɗanda yake ƙauna. Yara, in Allah ya ba ɗan'uwanku sa'a, ku taya shi murna da zuciya ɗaya.