Wane Ne Cindo?

An yi wata yarinya 'yar aji biyar a wata firamare a Gumel. Gidansu yana Layin Cindo, inda masu Keke Napep suke tsayawa jiran fasinja.

Wata rana Malama Ummulkhair ta ba su aikin gida. Ta ce, "Kowa ya je wurin wani dattijo, ya tambayo asalin sunan layinsu."

Yarinyar ta ji ƙyuyar zuwa. Sai ta zauna ta shirya nata labarin. Ta rubuta wai Cindo attajiri ne mai motoci goma.

Da ta karanta a gaban aji, Malama ta ce, "Wa ya faɗa miki haka?"

Ta ce, "Kawu Manu mai facin taya."

"Madalla. Gobe zan gayyato shi ya ƙara mana bayani."

Da yarinyar ta koma gida ta kasa cin abinci. Da ƙyar ta faɗa wa mahaifiyarta abin da ta yi.

Mahaifiyar ta ce, "Kin saka wa dattijo magana a baki. Tashi ki je ki faɗa masa da kanki."

Ta sami Kawu Manu a rumfarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, na yi ƙarya da sunanka. Ka yafe mini."

Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ajiye tayar da ke hannunsa.

Ya ce, "Na yafe miki, 'yata. Amma Cindo ko keke bai taɓa mallaka ba. Amalanke gare shi da shanu biyu. Lokacin hanyarmu duk yashi ce. Shi ke kai gyaɗar mutane Gagarawa Tasha a loda wa jirgin ƙasa. Ranar kasuwa kuma ya nufi Maigatari. Matafiya a ƙofar gidansa suke jiransa, har layin ya ci sunansa."

"Ka san shi, Kawu?"

"Ina kamarki maciji ya sare ni a gona, wajen Sule Tankarkar. Motar da aka samo ta kafe a yashi. Cindo ya sauke buhunansa a bakin hanya, ya ɗora ni, ya kawo ni Gumel wurin magani." Ya nuna mata tabon a ƙafarsa.

Washegari ta miƙe a aji ta ce, "Malama, abin da na karanta jiya ƙarya ne." Sannan ta ba da labarin gaskiya. Kawu Manu yana zaune a gefe yana gyaɗa kai.

Aji ya ɗauki tafi. Malama ta ce, "Kun gani? Tarihi ba a ƙirƙirar sa, wurin manya ake tambayo shi. Wanda ya yi kuskure kuma, ya faɗi gaskiya ya gyara."

Tun daga ranar yarinyar ba ta sake ƙyuyar tambaya ba.