Rijiyar Gidan Alhaji Lawal

"Ya ƙi sha! Wallahi Yaya ina leƙe ta labule, yaron nan ya ƙi shan ruwan gidanmu!"

Gwaggo Zamzam ce, ƙanwar mai gidan, a tsakar gida, ta riƙe ƙugu, ɗankwali ya zame har ƙeya. Sa'adiya na tsugune bakin murhu tana kuka, tana ɗora wa hayaƙi laifi.

Zubair ne ya zo gaisuwar neman aurenta tare da kawunsa. Aka kai ruwa a sabon kwanon sha, kawu ya kurɓa, shi kuwa ya ajiye. Daminar nan ta casa'in da ɗaya amai da gudawa na ta kwasar mutane a Kafanchan, har masallacin unguwa da cocin bayan layin dogo, waɗanda tun rikicin tamanin da bakwai ko gaisuwa sai ta kama dole, suka kafa kwamiti guda na duba rijiyoyi. Zubair ɗan agaji ne, yana cikinsu. Da Alhaji Lawal, mahaifin Sa'adiya, ya tambaye shi ko azumi yake, maimakon ya ce eh kowa ya huta, sai ya sunkuyar da kai ya ce salgar 'yan haya ta cika, tana tsatsafowa cikin rijiyar.

Gwaggo ta maƙale murya ta karkata wuya. "'Baba ku yi haƙuriii, kwamiti ne ya duba.' Kwamitin uwar wa? Yini yake a coci yana shan nasu, namu ne guba!"

Alhaji ya buga carbi a cinya. "Rijiyar da ubana ya haƙa? Launin ruwanta bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, ba ya wari. Ruwa ne mai tsarki, na karanta wannan tun ba a haife shi ba! A mayar musu da goronsu!"

Washegari Sa'adiya ta tsinci Zubair a hanyar kasuwa, rataye da jakar agaji.

"Haba Zubair, ba sai ka kai baki kawai ba? Ka ga yanzu ka ja mana!"

"In na kai baki, gobe da wane bakin zan hana wasu? Please Sa'a, ki riƙa tafasa ruwan."

Ta yi tsaki, amma ta tafasa. Duk randar cikin gida tafasasshen ruwa ce, Alhaji na sha yana cewa, "Ku ji daɗin ruwan ubana!"

Sai dai ɗakunan baya ba randarta suke sha ba. Can Madam Chinyelu ke haya, matar wani ma'aikacin reluwe, ita da 'yarta Kosiso, 'yar shekara huɗu mai bin Sa'adiya tana kiran "Anti Sa'a". Itace ya yi tsada, ruwan sama ya jiƙa ɗan wanda ake da shi, ba halin tafasa ruwa. Ba sau ɗaya ba Madam ta durƙusa wa mai gida.

"Alhaji, latirin ya cika fa. Kai gyara mana, abeg, yara na wahala."

"Ƙazantarku ce! Wanda bai iya ba ya tashi."

Ranar Alhamis da hantsi Kosiso ta fara amai da gudawa. Kafin azahar idanunta sun faɗa. Zubair ya saɓa ta a kafaɗa ya ruga ajin makarantar coci, inda Zumuntan Mata na cocin da matan Islamiyya ke ɗura wa marasa lafiya ruwan gishiri da sukari.

Bayan la'asar Liman ya yi sallama, tare da Mama Beatrice shugabar Zumuntan Mata. Suka tarar da abin kallo: Sa'adiya zaune daram a kan murfin rijiya, Alhaji tsaye da guga yana huci.

"Tashi na ce!"

"Baba ka doke ni in ka ga dama, ba zan rama da ko kallo ba. Amma ba mai ƙara ɗiban ruwan nan."

"Kun gani ko? Yaron nan ya shanye ta!" in ji Gwaggo.

Mama Beatrice ta gyara zaninta na zumunta. "Baba Alhaji, mu ba faɗa ya kawo mu ba. Mu rufe na coci tun last week. Ciwon nan bai tambaya sunan mutum."

"Malam, gaya mata!" Alhaji ya juya ga Liman. "Ruwan da bai canza ba, ba mai tsarki ba ne?"

"Ana iya alwala da shi, Alhaji. Amma tsarkin alwala daban, lafiyar ciki daban. Littafin da ka karanta wannan a ciki, ka wuce babin haƙƙin maƙwabci ne?"

Alhaji ya buɗe baki, sai ƙofar zaure ta motsa. Zubair ne ya shigo, ba ya kallon kowa. A bayansa Madam Chinyelu, ba takalmi, tana riƙe da zanin goyo a ninke.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi, da ya fi sauƙi.

"Alhaji, na roƙe ka," ta ce. "Ni ba ta roƙe ka ba?"

Gugan ya suɓuce daga hannunsa. Gwaggo, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta sulale ɗaki.

A makon nan aka zuba wa rijiyar magani, aka cike salgar, aka haƙa sabuwa can ƙarshen fili. Aikin yini biyu! Yini biyu kacal, jama'a, abin da aka shekara ana roƙo! Alhaji da ƙafarsa ya taka gidan kawun Zubair ya ce a dawo da magana.

Bayan damina aka ɗaura aure, Sa'adiya ta ga ribar haƙurinta, don ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, kuma ba ta bar gaskiya ba. Madam Chinyelu ta aiko da buhun garin rogo gudummawa, amma ba ta zo ba, ta koma garinsu.

To masu gidan haya, da masu jin kunyar a gyara musu magana, ku ji da kyau. Addinin da bai tsallaka zuwa ɗakunan baya ba, a duba shi. Wanda ya faɗa maka gaskiya ba raina ka ya yi ba. Alhaji ya gane haka, ya tuba, ya samu suruki na gari. Kosiso ce ta biya kuɗin karatun da ranta.