Baƙon da Fehim Ya Gayyato

Magariba ce ta ƙarshen kaka, Sabaheta tana tsaye a kicin ɗinta a wani ƙauyen Bosniya tana murza kwaɓin pita, gurasar ƙasarsu mai siririn ɓawo, har ya yi siririn da ana hango zanen ledar tebur ta cikinsa. Ladan ya gama kiran salla. Shanun maƙwabta sun shige, hayaƙin murhu ya kwanta a kan ƙauyen saboda babu iska. Sai ta ji ƙwas a kan rufi. Ta ɗauka tuffa ce ta faɗo. Aka sake, aka kuma, wannan karon da nauyi, har abin ya gangaro ya tsaya a bakin ƙofa. Ta leƙa. Baƙin dutse ne, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar an ciro shi daga gindin rijiya, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

Da ta juyo, ta tarar da 'yarta Nermina zaune a kujerar da ake ajiye wa baƙi. Yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ga ta ta miƙe ƙafafu, tana matsa gwiwoyinta kamar tsohon da ya sha tafiya.

"Ina gahawa?" in ji ta. Muryar ba tata ba ce. Kakkaura ce, a dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Wace gahawa kuma? Tashi ki wanke hannu ki taya ni."

"Haka ake karɓar baƙo a gidan nan?"

Sandar murji ta suɓuce daga hannun Sabaheta. Ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙen gashin dabba haɗe da kafur, kuma nan take ta tuna inda ta taɓa jin wannan warin.

Ranar Asabar da ta wuce ne mijinta Fehim ya kwashe su a bas zuwa babban birni, wai sai 'yarsa ta ga gidan tarihin halittu. Ba ilimi ya kai shi ba. Fehim mutum ne da bakinsa ya fi shi girma, kuma abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: beyar, ƙaton naman dawa mai gashi da farata, wanda mahaifinsa, marigayi Ragib, ya harbe a dutsen bayan ƙauyensu, mutanen birni kuma suka zo suka ɗauke shi zuwa gidan tarihin. Duk sanda ya ba da labarin a shagon gahawa sai dabbar ta ƙara tsawo. Tsofaffin ƙauyen sun san cewa a cikin kogo Ragib ya same ta tana barcin lokacin sanyi, ya ɗora mata bindiga a kunne. Amma mutanen Bosniya ba sa ƙin abin dariya, don haka suka bar shi yana ta zubawa.

Ginin ya fi duk abin da Sabaheta ta zata girma. Suka wuce ta ƙarƙashin ƙasusuwan wani kifi mai tsawon masallacin ƙauyensu. Suka wuce ɗakin duwatsu masu ƙyalli, da ɗakin malam-buɗe-littafi da aka soke da allura, sahu-sahu. Nermina tana ta tsalle daga wannan gilashi zuwa wancan, tana karanta wa uwarta sunaye. Ita kuwa Sabaheta takalmin fita ya matse ta, kuma zuciyarta ba ta kwanta da wurin ba. Ko'ina ta juya idanun gilashi ne ke kallonta, na mikiya, na kyarkeci, na barewa, dabbobin da aka hana su ko da ruɓewa. Tausayinsu ya kama ta, ta kuma ji kunyar faɗa.

A ɗakin ƙarshe suka sami beyar ɗin. An tsayar da shi a kan ƙafafu biyu, baki a wangame, farata a sama, an kewaye shi da jar igiya. Gashinsa ya zube a kafaɗa. Fehim ya buɗe ƙirji kamar shi ya harbe shi. Ya duba ya ga matar da ke gadin ɗakin ta ba da baya, ya kamo hannun Nermina, ya miƙa shi ta saman igiyar ya ɗora a kan dantsen dabbar.

"Gaisa da ɗan garinku," in ji shi yana dariya. Sannan ya cire hula ya rusuna wa beyar ɗin. "Maƙwabci, ka daɗe a birni. Buyrum, ka zo gida mu sha gahawa."

"Fehim, ka daina," in ji Sabaheta.

"Me? Ciyawa ce a cikinsa, mata."

Buyrum ba kalmar wasa ba ce. Da ita ake ce wa mutum ya shigo, ya zauna, ya sa hannu a abinci, kuma wanda aka ce wa ita ya sami haƙƙin baƙo a gidan. Ko yaron goye ya san ba a jefa ta inda ba a san mai saurare ba. Fehim ma ya sani. Dariyar 'yarsa kawai yake nema.

Tun daga wannan magaribar gidan bai sake zama gida ba. Da rana Nermina tana kwance kamar tsumma, ba ta ci ba ta sha. Da zarar rana ta faɗa bayan dutse, jifa zai fara, ita kuma ta tashi ta hau kujerar baƙi. Takan cinye faranti guda na pita, ta lashe kwalbar zuma, ta nemi ƙari, amma kullum ƙara ramewa take yi har zoben azurfarta ya zame daga yatsa. Suka kai ta asibiti, likita ya auna abin da zai auna bai ga kome ba. Maƙwabtan da ke shigowa hira suka koma gaisuwa daga bayan shinge.

Fehim ya fara da cewa yaran unguwa ne ke jifan. Ya fita da sanda ya dawo da kumburin goshi. Daga nan sai ya juya kan matarsa.

"Ke ce. Sau nawa aka ce kar a watsa ruwan zafi a tsakar gida da magariba? Kin ƙona ɗan wani."

"Ban watsa ba. Ina tsaye a wurin ka gayyato shi."

"Rufe min baki! So kike a mayar da ni abin dariya a shago?"

Wannan maganar ta yi mata ciwo fiye da jifan. 'Yarsa tana narkewa a gabansa, shi kuwa shago yake tunani. Washegari ta ɗaura ɗankwali ta haura ƙauyen sama, wurin Hoja Derwish, tsohon malamin da ake kira idan abu ya fi ƙarfin likita.

Ya iso gab da faɗuwar rana, ɗan ƙaramin tsoho mai tari, da carbi a hannu. Bai tambayi kowa kome ba. Ya yi salla a kusurwar ɗaki, ya zauna daura da kujerar baƙi, ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka yi ta sauka a kan rufi kamar ƙanƙara, sannan suka ɗauke ɗif. Nermina ta fito daga ɗakinta tana jan ƙafa, ta zauna.

"Ya isa, Efendiya," in ji muryar, da laƙabin girmamawa da ake kiran malamai. "Kana ƙona ni a banza. Ba ɓarawo ba ne ni."

"To wane ne kai?"

"Baƙo."

"Daga ina?"

"Daga kogon can bayan dutse. Nan ne gidana tun kakannin waɗannan ba su zo ba. In sanyi ya yi, nakan shiga gashin beyar in kwanta, ba ya damuwa da ni. Ina ciki aka harbe shi yana barci. Aka feɗe shi, aka ɗinke da ni a ciki, aka tsayar da shi yana hargowar da bai taɓa yi ba. Shekara da shekaru ina tsaye, Efendiya. Yara suna nuna ni da yatsa, manya suna hamma. Ba wanda ya taɓa yi min sallama. Sai rannan aka cire min hula aka ce buyrum. Laifi ne don na amsa?"

"An zalunce ka," in ji Hoja Derwish. "Amma yarinyar nan ba ita ta zalunce ka ba, kuma kana kashe ta. Baƙo na ƙwarai ba ya cinye mai gida."

"Hannunta aka ɗora min. Ta nan na sami ƙofa."

"Ka ji tsoron Allah ka fita."

Muryar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Zan fita yadda baƙo ke fita. An ba ni gahawar maraba, ta hira ma na sha. Saura ta sallama."

Kowa a ɗakin ya gane. Gahawa ta uku ita ce sikterusha, tsararo ce mara ƙarfi, wadda ake kawo wa baƙon da ya zarce lokacinsa don ya san dare ya kusa, ya nemi takalminsa.

"Amma wanda ya gayyace ni shi zai zuba min," muryar ta ci gaba. "Kuma ya raka ni har bakin rafi. Gwiwoyina sun mutu da tsayuwa, sai na dafa hannunsa."

Hoja Derwish ya ajiye carbinsa. "Ba zan ɓoye muku ba," in ji shi. "Hannun da irin waɗannan suka dafa ba ya dawowa yadda yake. In na matsa masa da karatu zai fita da ƙarfi, amma jikin yarinyar ba zai ɗauka ba. To, wa ya yi gayyatar?"

Fehim yana tsaye jikin murhu. Ya dubi hannunsa na dama, ya dubi ƙasa.

"Wa ya ce buyrum?" tsohon ya sake tambaya, wannan karon idonsa a kan maigidan.

Agogon bango yana ta bugawa. Sabaheta ta zuba wa mijinta ido, tana roƙonsa a zuci ya buɗe bakin nan da bai taɓa rufuwa ba. Leɓensa ya motsa. Sai ya sunkuya ya gyara itace a murhu, itacen da ba ya bukatar gyara. Numfashin Nermina ya fara sarƙewa.

"Ni ce," in ji Sabaheta.

"Ƙarya take yi, Efendiya, kai ma ka sani," in ji muryar. "Amma ni hannu nake nema. Na karɓa."

Sabaheta ta ƙara ruwa a kan guntun gahawar safe, ta tafasa, ta zuba a finjali ba tare da ƙwayar sukari ba. Nermina ta kurɓa a hankali, ta kife finjalin, ta miƙe. A bakin ƙofar shinge yarinyar ta yi wata doguwar atishawa ta sulale ƙasa, Hoja Derwish ya tare ta. A daidai lokacin Sabaheta ta ji wani abu mai sanyi ya sauka a kan hannunta na dama, da nauyin buhun gari.

"Ki tafi, kar ki waiwaya," in ji tsohon, ya ɗaga murya da karatu.

Ta ratsa cikin itatuwan tuffa, hasken ƙarshe yana ja a bakin dutse. Ba ta ga kowa ba, sai ciyawar gefenta da ke kwantawa taki bayan taki, da wani numfashi kusa da kunnenta. Sanyin ya hau daga yatsu zuwa gwiwar hannu, ya kai kafaɗa. Ta yi kuka, ba don tsoro ba. Takaici ne ya cika ta, na shekarun da ta yi tana taya mutum dariyar labarin da ta san ƙarya ne. A bakin rafi nauyin ya ɗaga.

"Allah ya amfana, uwar gida," aka ce da ita. "Gahawarki ta yi daɗi."

Ruwan ya motsa, warin ya tafi. Ta dawo gida hannun yana reto a gefenta, fari fat, ba ta jin ko yatsa ɗaya. Ta san ba za ta sake murza pita ba.

Ta tarar an kwantar da Nermina a kan doguwar kujera. Idon yarinyar ya dawo nata, ta sha ruwa, har ta ce tana jin yunwa. Fehim kuwa baki ya buɗe. Yana ta kai da kawowa, yana gode wa Hoja Derwish, yana cewa shi dama tun farko ya ce a kira malam. Tsohon dai takalminsa yake ɗaurawa. Nermina ta dubi hannun uwarta, ta kama shi da hannu biyu ta ɗora a kumatunta.

Fehim ya durƙusa a gabanta ya buɗe hannuwa. Babo take kiransa, wato baba. "Zo nan, 'yar Babo. Kin tsorata mu. Ba ki san abin da ya faru ba, barci kike yi."

Yarinyar ba ta motsa ba.

"Ba barci nake ba, Babo," in ji ta, da 'yar siririyar muryarta. "Ina ciki, ina jin kome. Na ji lokacin da aka tambaya. Na yi ta jiran muryarka."